An kayar da Caleb Williams sau 68: laifin masu tare masa ne ko salon wasansa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Chicago ne kuma ɗan Bears ne ni na gani kashe ni, ƙungiyar garinmu ta ƙwallon Amurka, amma wallahi kakar 2024 ta bar ni da fargaba. Yaron nan Caleb Williams, kwatabak ɗinmu wato mai jifan ƙwallo, da muka ɗauko a lamba ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasa an kayar da shi da ƙwallo a hannu sau 68, akwai wasan da muka yi da Patriots da aka kwantar da shi sau 9. A wurin aikinmu kowa cewa yake layin gaba, wato masu tare masa abokan hamayya, su ne ba su da amfani, ni kuma wani lokaci sai in ga kamar shi ne yake daɗewa da ƙwallon. Tsorona kar a lalata shi kamar yadda aka lalata David Carr, tsohon kwatabak ɗin Houston. Dan Allah ina matsalar take?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Fargabarka tana kan hanya, don 68 ba ƙaramin duka ba ne, a tarihin NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, mutum biyu ne kawai suka taɓa wuce haka a kaka ɗaya, Carr ɗin da ka ambata da 76 a 2002 sai Randall Cunningham da 72 a 1986. Amsata a taƙaice ita ce in ɓera da sata daddawa ma da wari. Layin Bears bai yi kyau ba musamman ta tsakiya, tsarin kocin ma ya taimaka wajen rikita yaron, amma kaso mai tsoka na kayarwar nan daga hannun Caleb ɗin kansa ya fito, kuma idonka da ya ga yana daɗewa da ƙwallo bai yaudare ka ba.

Toh bari in tsaya a kan abin da abokan aikinka suke faɗa, don kullum sai na ci karo da shi kuma ya ishe ni. Mutum zai buɗe waya ya ga adadin kayarwa, shikenan ya yanke hukunci cewa masu tarewa ne suka gaza. Wannan lissafin kuskure ne tun daga tushe. Matsin lamba daban, kayarwa daban. Idan mai farmaki ya wuce gad (mai tarewa na ciki) ko takul (mai tarewa na gefe) cikin daƙiƙa biyu ya iso fuskar kwatabak, wannan laifin layi ne babu musu. Amma abin da zai faru bayan matsin ya iso, ko a jefa ƙwallon ga na kusa, ko a taka gaba, ko a watsar da ita waje, ko kuma a rungume ta a sha ƙasa, wannan shawarar mutum ɗaya ce tak, wanda ƙwallon take hannunsa. Shi ya sa ma'aunin da 'yan tashar wasanni ta ESPN suke amfani da shi wajen auna masu tarewa yake tsayawa a daƙiƙa 2.5, in ka riƙe mutuminka zuwa nan ka yi aikinka. Babu wani takul a duniya, komai albashinsa, da zai riƙe manyan masu farmaki irin su Myles Garrett ko T.J. Watt na daƙiƙa huɗu a kowane wasa ba tare da ya cafke riga an ci shi tarar yadi 10 ba.

In kana son hujja ka dubi ƙungiyar Denver. A 2011 kwatabak ɗinsu Tim Tebow, mai yawan gudu da ƙwallo, ya yi jifa 271 aka kayar da shi sau 33. Shekara ta zagayo, 2012, Peyton Manning ya zo, mutum mai shekara 36 da ya fito daga tiyatar wuya, wanda gudu ma ba ya iyawa, ya tsaya bayan kusan mutanen da suka tare wa Tebow, irin su Ryan Clady da Zane Beadles da Orlando Franklin, ya yi jifa 583 aka kayar da shi sau 21 kacal. Jifa ya ninka, kayarwa ta ragu. Masu tarewar nan ba wani sabon ƙarfi suka samo cikin wata shida ba, mutumin da ke bayansu ne yake karanta 'yan tsaro tun kafin a miƙo masa ƙwallo, ya san inda za ta kafin ta shigo hannunsa. Dan Marino, kwatabak ɗin Miami wanda shi ma ba mai gudu ba ne, a 1988 jifa ya yi sama da 600, sau 6 aka kayar da shi duk kakar. Kaga kenan masu ƙafa da gudu su ne sau da yawa suka fi shan ƙasa, abin da mutane da yawa ba sa yarda da shi sai an nuna musu lamba. Ku a Chicago ma kun gani da idonku, tsohon kwatabak ɗinku Justin Fields ya yi gudun yadi 1,143 a 2022, abin sha'awa, amma a waccan kakar dai an kayar da shi sau 55 cikin wasa 15, saboda ya yarda da ƙafarsa har yana jira fiye da ƙima.

Akwai kuma abin da talabijin ba ya nuna maka. Mai tarewa bayansa yake ba kwatabak, ba ya ganinsa, aiki yake da alƙawarin da aka yi a tsarin wasan cewa mai jifa zai ja baya taku uku ko biyar ko bakwai ya tsaya a wuri kaza. Takul yana tura mai farmakin gefe ne ya zagaya ta bayan wannan wurin, wato da gangan yake barinsa ya wuce can nesa. Toh idan kwatabak ya zarce ya koma yadi 10 ko 11 a baya, ko ya juya ya fice ta baya maimakon ya taka gaba cikin kewayen, shi da kansa ya kai kansa bakin wanda aka riga aka kawar masa. A bidiyo sai ka ga kamar takul ne aka wuce, nan da nan a fara zaginsa a Twitter, alhali ya yi daidai abin da aka koya masa. Haka nan idan 'yan tsaro suka turo mutum shida a kan masu tarewa biyar, dole ɗaya ya shigo babu mai tare shi, kuma wannan ɗayan a ka'idar wasa na kwatabak ne, shi zai gane shi tun kafin a fara ya saki ƙwallon ta inda ya baro. Duk wanda ya ga irin wannan ya ce wai layi sun bar mutum ya shigo, bai ƙirga kawuna ba.

Abin da yake ba ni haushi shi ne masu yanko bidiyon daƙiƙa biyar su saka a intanet da jan da'ira a kan gad ɗin da ya faɗi, su tara dubban masu so, ba su taɓa zama sun kalli hoton sama da ke nuna duka 'yan wasa 22 ba, ba su san wane tsari aka kira ba, ba su san ko akwai ranin bak, wato mai gudu da ƙwallo, a tsaye shi kaɗai yadi biyar a gaba yana ɗaga hannu ba. Kuma wannan maganar ba surutun banza ba ce da za a ce a ƙyale, tana da illa. Yaro ɗan shekara 22 da gari guda yake gaya masa kullum cewa kai ba ka da laifi su ne suka ci amanarka, ina zai samu dalilin canza ɗabi'a? Zai ci gaba da riƙe ƙwallo, mutane masu nauyin kilo 120 zuwa 140 su ci gaba da faɗo masa, kuma jiki ba ya tambayar laifin waye kafin gwiwa ta tafi ko ƙwaƙwalwa ta girgiza. Andrew Luck, tsohon kwatabak ɗin Indianapolis, jarumi ne na gaske, yana tsayawa ya jira har sai an buge shi, mutane suna yabonsa da taurin rai, ƙarshe ya samu tsagewar ƙoda a 2015, kafaɗa ta hana shi buga 2017 gaba ɗaya, ya ajiye wasa a watan Agustan 2019 yana ɗan shekara 29. A 2016 an kayar da shi sau 41, a 2018 da koci Frank Reich ya zo da tsarin sakin ƙwallo da wuri kuma aka ɗauko gad Quenton Nelson sai ya koma 18, amma lokacin jikin ya riga ya gaji. Masu tafa wa yaro don ya sha duka bai yi ƙorafi ba ba masoyansa ba ne wallahi, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Kar kuma ka ɗauka ina wanke layi ne. Akwai ranar da babu abin da mai jifa zai iya. Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofin NFL, na Fabrairun 2021, Patrick Mahomes na Kansas City ya shiga fili babu takul ɗinsa biyu, Eric Fisher da Mitchell Schwartz duk suna jinya, Tampa Bay suka matsa masa sau 29 suka ci 31 da 9. Wannan layi ne ya rushe. Amma ka lura, duk da matsin nan sau 3 kawai aka kayar da shi. Carr ma da kake tsoro, sabuwar ƙungiya ce Houston a 2002, babban takul ɗin da suka ɗauko don ya kare shi, Tony Boselli, bai buga musu ko wasa ɗaya ba saboda kafaɗa, yaron ya sha kayi 249 cikin shekara biyar har idonsa ya daina kallon masu karɓa ya koma kallon masu zuwa kansa. Wannan ita ce cutar da ya kamata ka ji wa tsoro, mugun layi yana koya wa yaro mugun hali, daga baya ko an gyara layin halin yana nan.

Game da Caleb, ga abin da na gani. A jami'ar USC inda ya ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 2022 ya saba ya zagaya, ya kauce wa mutum biyu, ya jefa daga inda ba a zata ba, kuma a jami'a hakan yana ci saboda ya fi yawancin masu binsa sauri. A NFL mai kilo 120 ma yana gudu kamar risiba, wato mai karɓar jifa. Sannan yaron yana tsoron a ƙwace masa jifa, sau 6 kawai aka ƙwace duk kakar a kan tocdawun 20, wato jifan da ya kai ga ci, har ya yi jifa sama da 300 a jere ba a ƙwace ko ɗaya ba, mutane suna ta yabo, ni kuma a wurina wannan lambar da 68 ɗin 'yan gida ɗaya ne. Idan ya ga ƙofa ƙarama sai ya ƙi jefawa ya jira babba, babbar ba ta zuwa, sai ƙasa. Yadin da ya yi asara ta wannan hanyar ya haura 450, kuma duk kayarwa ɗaya kusan kashe zagayen hari take yi, don daga neman yadi 10 da ake buƙata kafin a ci gaba da riƙe ƙwallo an koma neman 17. Alhali doka ta ba shi mafita, in ya fita daga tsakanin takul biyu ya jefa ƙwallon ta kai layin farawa, ko babu kowa a wurin ba laifi, a sake sabon lale.

Nasu laifin kuma, masu horarwa, ba kaɗan ba ne. An kori mai tsara hari Shane Waldron a watan Nuwamba bayan wasan Patriots ɗin nan, Thomas Brown ya karɓi kiran wasa, bayan ranar Thanksgiving aka kori babban koci Matt Eberflus shi ma. Ka tuna yadda wasan Detroit ɗin ya ƙare, 23 da 20, an kayar da Caleb saura daƙiƙa talatin da 'yan kai, suna da damar tsayar da agogo guda a hannu, daga koci har kwatabak babu wanda ya kira ta har lokaci ya ƙare. Sabon shiga da aka canza masa murya a kunne a tsakiyar kaka, ga rashin nasara 10 a jere bayan an fara da ci 4 cikin 6, dole karatunsa ya yi jinkiri, kuma jinkirin rabin daƙiƙa ya isa.

In kana so ka raba gardama a wurin aikinku, ka samo bidiyon kayarwar, ka riƙe agogon wayarka, ka danna daga lokacin da santa, wato na tsakiyar layi mai miƙo ƙwallo, ya sake ta. Wadda mutum ya iso kafin 2.5 ka rubuta wa layi, sai dai in ƙarin mutum ne da ba a da mai tare shi. Wadda ta wuce daƙiƙa uku ka duba inda ƙafar Caleb take da kuma ko akwai na kusa a buɗe. Za ka samu kashi na uku ma, inda babu wanda ya buɗe kwata-kwata, wannan na mai tsara wasa ne da masu karɓa, duk da cewa wanda a 2024 yake da masu karɓa irin su DJ Moore da Keenan Allen da Rome Odunze bai kamata ya riƙa rasa wurin jifa haka ba.

Ban ga alamar ya zama Carr ba tukuna, don har wasan ƙarshe da suka ci Green Bay 24 da 22 idonsa yana gaba, ba ya firgita. A 2025 Bears sun kawo Ben Johnson daga Detroit a matsayin babban koci, sun ɗauko Joe Thuney da Jonah Jackson da Drew Dalman, wato sun canza mutum ukun tsakiya gaba ɗaya, kuma tsakiyar ita ce take ba mai jifa wurin taka gaba. Johnson mutum ne mai son gudu da ƙwallo da yaudarar miƙawa (a yi kamar an ba mai gudu ƙwallo sai a jefa) da jifa a kan lokaci, haka ya yi da Jared Goff na Detroit wanda ba shi da ƙafa ko kaɗan. Abin da za ka sa wa ido a wasanninsa shi ne taku na ƙarshe in Caleb ya ja baya, ko ƙwallon tana fita a lokacin, ko kuma yana sake juyawa neman wata hanya.