Amsa: Daga wane ɓangare zan fara tafiyar keke ta Land's End zuwa John o' Groats?

Malam, ka ce za ka tuƙa keke tsawon Birtaniya don tara wa ƙungiyar agaji ta Haig Housing kuɗin gidajen tsofaffin sojoji, har da waɗanda suka ji rauni, kana tambaya ko daga kudu za ka fara ko daga arewa. Ka fara daga kudu, daga Land's End, ka ƙare a John o' Groats da ke arewacin Sikotland. Iska a can yawanci daga kudu maso yamma take kaɗawa, sai ta riƙa tura ka ta baya. Hanyar kan kai kilomita 1,400 zuwa 1,600, a kwana 10 zuwa 14.

Sharaɗi ɗaya: kwana biyun farko a Kornwal da Debon, yankunan kudu maso yammacin Ingila, su ne mafi wuya, hawa ne gajere mai tsini, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya zuba ƙarfinsa a nan, gwiwa ce ke fara ba shi matsala kafin ya kai Sikotland. Ka sa wa keken giya mai sauƙi, wato faifan sarƙa mai haƙora 34 a gaba, 32 a baya, ka rage nisan ranakun nan. Ka riƙa cin wani abu kowane minti 30, kada ka jira yunwa, ruwa kuma gora ɗaya a awa.