Me ya sa gidajen talabijin ke jan ƙafa wajen komawa dijital?

Tambaya: Ana ta cewa dijital ya fi analog kyan hoto. To me ya sa gidajen talabijin ke jan ƙafa, kuma me suke yi idan wa'adin kashe analog ya cika?

Amsa: Gidan talabijin da 'yan kallo yake cin abinci, domin yawansu ne ke jawo talla. Ranar da aka kashe analog, duk wanda ba shi da dikoda ko sabuwar talabijin ya fita daga lissafi. Shi ya sa tashoshi kan fara da watsa shiri ta hanyoyin biyu lokaci guda, wani zubin har shekaru, suna biyan kuɗin wuta da gyara ninki biyu, rubutun tunatarwa kuma yana ta gudu a ƙasan allo. Ko Amurka sai da ta ɗage ranar daga Fabrairu zuwa 12 ga Yuni, 2009, duk da takardun rangwamen dala 40 da gwamnati ta raba don sayen dikoda.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne wa zai riƙe na'urar watsawa. A da, kowace tasha da hasumiyarta da mitarta. Yanzu mitar da ke ɗaukar tasha ɗaya tak tana iya ɗaukar kusan 20 a tsarin watsa dijital na DVB-T2, sai ƙasashe da dama suka raba aikin: tasha ta haɗa shiri, wani kamfani daban ya harba shi. Manyan tashoshi ba su so haka ba, kuma ban ga laifinsu ba, wa zai so ya koma ɗan haya? A Kenya, cikin Fabrairun 2015, NTV da KTN da Citizen sun ɓace daga allo kusan mako uku kan wannan rikici, ana saura 'yan watanni wa'adin 17 ga Yuni, 2015 na komawa dijital, wanda ƙasashe suka amince da shi a yarjejeniyar Janiba ta 2006, ya cika.

Tashoshi masu wayo kan cike ƙarin gurbin da dijital ya samar a mita da ƙananan tashoshi, ta labarai, ta yara, ta wasanni, kafin sababbin shiga su kwashe musu talla.

Injiniyoyi kuwa nasu ciwon kan daban ne. Analog idan ya yi rauni hoto ne ke yin yayyafi, amma ana kallo a haka. Dijital sai ya daskare, ya farfashe, ya ɗauke ɗif. Dole a bi unguwannin da ke bayan duwatsu da na'urar awo, a kafa ƙananan na'urorin ƙara ƙarfi, a kuma yi ta roƙon mutane su sake binciko tashoshi a dikodarsu.