Fulat ɗin da ya ƙi sayuwa: ka riƙe kuɗin POP ɗinka tukuna

Wa'alaikumus salam Malam. Na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai na samu sarari saboda maganar ba ta layi biyu ba ce. Ga waɗanda ba su gani ba, bawan Allah ya ce yana da fulat mai ɗaki uku a Unguwan Dosa, ɗaya daga cikin huɗu da ke get ɗaya, nasa na ƙasa ne kuma ba kowa a ciki, ya kusa shekara a kasuwa, mutane na zuwa su duba su ce za su kira, shiru kake ji, shi ne wani ya ba shi shawara ya sa POP, wato silin ado na filasta, ya canja tayil ya yi fenti mai tsada ko Allah zai sa a dace.

Ni gyaran gidaje ne sana'ata a garin nan, kuma da ni aka yi cinikin gidajen 'yan uwa da abokan arziki ba kaɗan ba, toh gaskiya ka riƙe kuɗin nan tukuna. Ban taɓa ganin wanda ya fasa sayen gida don silin ɗinsa na da ne ba. Mutumin da ya tara miliyoyi da gumin goshinsa da tsoro yake shigowa, idonsa na neman abin da zai sa ya gudu, kuma in ya gani ba zai faɗa maka ba, kunya ba za ta bari ba, sai dai ya ce masha Allah gida ya yi, za mu yi shawara. Abin da ke korarsu za ka nemo ka cire, ado daga baya yake zuwa.

Ka fara da takarda. A Kadunar yanzu da wuya mai hankali ya ba ka kuɗinsa a kan takardar mai unguwa da shaidu uku kamar da. Tun da aka kafa KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar, a 2015 zamanin El-Rufai aka ce masu tsofaffin takardu su kai a sabunta, ga kuma rusau da mutane suka gani da idonsu, kowa ya farga, mai saye zai tura lauya ya bincika fayil, ya tambayi izinin gini na KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ya duba ko akwai bashin harajin fili da ya taru. Naka kuma akwai ƙarin ƙulli, fulat huɗu ne a fili ɗaya, kenan C of O, takardar shaidar mallakar fili ta gwamnati, ɗaya ce. Sunan wa ke kai? Tana hannun wa? In na biya ka me zan riƙe da zai nuna wannan ɓangaren nawa ne, ba wani magaji da zai taso bayan shekara goma? Wallahi ina zargin a nan mutanenka suke tsayawa. Dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake mayar da mallakar fili zuwa wani, don haka ka samu lauyan da ya san harkar ƙasa ya tsara maka yadda za a rubuta kason naka tun kafin mai saye ya tambaya. In kuma gado ne, a samu sa hannun dukkan magada ko takardar kotun da ta yi rabo. Ka haɗa kwafin komai a fayil ɗaya, duk wanda ya zo da gaske ka miƙa masa ya kai wa lauyansa, na asali su zauna a wajenka.

Har da ƙananan abubuwan zaman tare a rubuta su. Wa ke biyan mai gadi, wa ke gyara injin bohol in ya ƙone, in sokawe ta cika ya ake raba kuɗin kwasa, mota nawa kowa zai ajiye a tsakar gida. Mai sayen fulat da maƙwabtan yake saye, ya san haka.

Sai dillalai, nan kam zan ɗan daɗe. Ba ka faɗa ba amma na tabbata gidan nan yana bakin dillalai da yawa, wasu ma ba ka taɓa ganinsu ba, wani ya karɓa daga wani, shi ma daga wani. Misali kai ka ce miliyan 30, na farko ya ɗora nasa ya ce 33, na bayansa ya ce 36, sai mutum ɗaya ya ji farashi uku a kan gida ɗaya cikin sati ɗaya, me kake so ya yi tunani? Ko dai damfara ce ko gidan na da rigima. In abin ya daɗe sai ka ji an fara ƙus-ƙus a majalisa, ai gidan nan an kai mutum goma sun ƙi, akwai dalili, har wani ya ce ba a iya kwana a ciki. Ba sharri nake wa dillalai ba, sana'a ce kuma akwai masu amana sosai a cikinsu, amma yawansu a kan gida ɗaya kashe shi yake yi. Ka kira su ka ce ka janye gidan daga kasuwa, a goge hotuna. Ka yi wata ɗaya ko biyu kana gyara. Sannan ka zaɓi mutum ɗaya, in ya yi yawa biyu, wanda mutanen unguwar suka shaida, ku yi yarjejeniya a rubuce, ga farashi ɗaya ba ƙari, ga la'adarsa, galibi kashi 5 cikin 100 ake yi, ga wa'adi, in bai kawo mai saye ba ka karɓe.

Yanzu cikin gidan. Fulat na ƙasa a Kaduna babban abokin gabansa danshi ne. Ka je ka tsuguna ka kalli gindin bango, musamman bangon da ke jingine da banɗaki da wanda ke kallon waje. In ka ga layi daidai gwiwa, fenti ya kumbura yana ɓarewa, ga wani farin gari kamar kanwa yana fitowa in ka shafa ya biyo hannunka, toh shi ne, kuma duk mai saye da ya zo da magininsa nan suke fara dubawa, maginin ya ƙwanƙwasa da makulli ya ji filasta ta saki sai ya kalli ubangidansa kawai, magana ta ƙare. Kada ka bari mai fenti ya ce zai rufe maka shi. Zai rufe, amma ruwan Agusta na sauka zai dawo, kuma bayan haka ha'inci ne, Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya tare da mu. A nemo inda ruwan ke fitowa. Sau da yawa bututun banɗakin mutanen sama ne ke yoyo a cikin bango, ko ruwan kwano na zuba kai tsaye a gindin gini ba indararo, ko kuma an yi ta ciko a waje har ƙasar waje ta fi daɓen ciki tudu. A toshe wannan, a kankare filastar har a ga bulo, a bari ya bushe sosai, a sake ta da siminti mai maganin ruwa, sannan a zagaye gindin ginin da daɓe mai gangare zuwa kwata. Aikin rani ne wannan, in ka yi shi da damina asarar siminti za ka yi. In kuma ba ka da halin gyarawa ka nuna wa mai saye da hannunka ka rage masa kuɗin gyara, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ba zai dawo ya kai ka kotu ba.

Wari kuma. Gidan da aka rufe wata da watanni, ruwan da ke tsayawa a lanƙwasar masai da ta magudanar banɗaki yakan bushe, shi ne ke tare iskar sokawe, da ya bushe sai warin ya hauro ya cika gida. Mutum ya buɗe ƙofa abin da zai fara tarbarsa kenan, ga ƙurar hunturu, ga yanar gizo-gizo, ga kashin ƙadangare a taga. Wannan ko sisi ba ya ci. Ka sa yaro ya riƙa zuwa duk sati ya zuba bokitin ruwa a kowane masai da magudana, ya buɗe tagogi, ya share. Ranar da za a zo dubawa a buɗe gidan tun da safe, ba wai dillali ya zo yana kokawa da kwaɗo mai tsatsa baƙi na tsaye a rana ba.

Abin da maza da yawa ke mantawa, Alhaji ne ke biya amma Hajiya ce ke saye. Ka lura in an zo da ita, ba ta kallon silin. Kicin take wucewa ta murɗa famfo, in ya yi tari ya tsaya shikenan ta gama da gidan, don haka tanki ya kasance da ruwa ranar ko da saya za ka yi. Ta duba sito, ta leƙa baya ta ga inda za ta ɗaura igiyar shanya, ta ga ko akwai ƙofar baya da za ta fita ba sai ta ratsa falo ba in maigida na da baƙi, ta tsaya a falo ta ga ko baƙo na zaune zai hango ƙofar ɗakinta. Na ga fulat a Kinkinau da aka yi ta ƙi, abin da aka yi kawai kafinta ya sa ƙofa tsakanin falo da lungun ɗakuna, aka ɗan ja katanga ta kare wajen wanke-wanke daga idon masu shigowa get, bai daɗe ba aka sallama. Kuɗin bai kai na POP ɗin falo ɗaya ba.

Wuta ma za a tambaya. Mitarka ce kai kaɗai ko haɗaka? Ta kati ce? Akwai tsohon bashi a kai? Ka biya ka ajiye rasit. Kuma ka san layin wutar da kuke, don tun da aka ɗaga kuɗin Band A, rukunin da ya fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 mutane sun koyi tambayar wannan, wani yana so don wutar, wani yana gudu don kuɗin, ka faɗi gaskiya kawai.

Bayan duk wannan sai fenti, shi ma fari ko ruwan madara, kada a yi wa kowane ɗaki kalarsa. Tayil wanda ya fashe kaɗai za a canja, don duk wanda ka sa matar gidan za ta so nata, kuma da tsadar kayan gini tun bayan cire tallafin mai a 2023 ba za ka mayar da kuɗin a ciniki ba. Ƙwan fitila, marfin masai, hannun ƙofa, ragar sauro da ta yage, get ɗin da ke jan ƙasa ka kira mai walda daga Panteka ya ɗaga shi, a nome ciyawar ƙofar gida a kwashe shara a yashe kwata. Hoto a ɗauka da safe tagogi a buɗe, bidiyo kuma a faro shi daga kan titi a shigo, don wanda ke Abuja ko Kano ya ga hanyar da idonsa kafin ya taso, in hanyar ba kwalta gara ya sani tun yanzu da ya zo ya ji an yaudare shi. Ka sa a WhatsApp da Facebook da farashin a rubuce, ka bar zancen a kira a ji.

Farashi kuma, kar ka ɗauka daga bakin maƙwabcin da ya ce nasa miliyan kaza, wannan kuɗin da ya sa ne, ka nemi gidan da aka sayar da gaske a layinku ka ji nawa aka biya. Ka tuna mai kuɗin nan yana da zaɓi, zai iya tsallaka gada ya je Millennium City ko ya nufi Rigachikun ya samu fili ya gina nasa shi kaɗai ba haɗakar get, abin da kake da shi da ba su da shi shi ne cikin gari, kusa da Kawo, kusa da makarantu da asibiti da wajen aiki, wannan za ka tallata. In an taya ka kada ka yi saurin cewa albarka ka juya baya, ka lissafa kuɗin hayar shekarar nan da ka riga ka rasa. Akwai masu son biya kashi biyu, ba laifi in lauya ya rubuta, amma makulli da takardun asali sai an cika. Akwai ma'aikatan da ake cire wa kashi 2.5 cikin 100 na albashi a asusun gidaje na NHF, da masu bi ta bankunan da ba sa karɓar kuɗin ruwa, su duk sai takarda ta cika ake ba su kuɗin sayen gida, ka ga mun sake komawa kan takarda. In kuma ba matsuwa ce ta sa ka sayarwa ba, ni da zan sa ɗan haya na shekara ɗaya in huta, gida da mutum a ciki ya fi lafiya.

Kafin ma ka kai nesa ka hau sama ka yi wa maƙwabtanka tayi, wani yana son ya dawo da mahaifiyarsa kusa da shi kuma tsohuwa ba ta son hawa bene, na ƙasa shi ne daidai ita. Haka masu haya a layin da 'ya'yansu ke islamiyyar unguwar ba sa son tashi. Sannan ka sa wani, ba kai ba, ya kira mutum biyu cikin waɗanda suka duba suka yi shiru ya tambaye su tsakani da Allah me suka gani, shi za su faɗa masa. Ka ɗauko mana bidiyon gindin bangon banɗaki da bayan gidan ka turo nan, ka kuma faɗa mana sunan wa ke kan C of O ɗin, naka ne ko na wanda ya gina, sai mu san ta inda za a fara.