Ki bar dalilin yadda yake, ki nemi inda aka tsallaka

Ƙanwata, kin ce kina shirin jarrabawar GMAT, wadda ake yi don neman gurbin karatun digiri na biyu a fannin kasuwanci, kuma tambayoyin da ake cewa a zaɓi amsar da za ta raunana hujja su ne ke ka da ke, domin kullum amsa biyu ke yi miki kama da daidai. Ni ma a nan na fi shan wuya lokacin da nake nawa shirin. Watanni na yi ina jayayya da abin da marubucin ya kawo, alhali ba a can aikin yake ba.

Kowace hujja kashi biyu ce: dalilin da aka kawo, da hukuncin da aka yanke a kansa. Dalilin ki karɓe shi kamar yadda aka ba ki. Abin nema shi ne zaton da mai maganar ya taka ya haye daga ɗaya zuwa ɗaya, bai furta shi ba.

Ga misali daga gida. A ce wani tela a Kasuwar Barci ya kafa sabon allo a ƙofar shagonsa, cikin wata guda ɗinki ya yi masa yawa, sai ya ce ai allon ne ya jawo masa mutane. Duk ɗan Kaduna zai tambaya: a wane wata? In azumi ne, sallah ta ƙarato, kowane tela a layin kwana yake kan keke. To amsar da ta ce telolin da ba su kafa allo ba su ma aiki ya yi musu yawa, ita kike nema, don ta kawo wani sababin. Wadda ta ce allon ya yi tsada, ko rubutunsa bai yi kyau ba, tana maganar allo, amma ba ta taɓa hukuncin ba. Irin wannan ce amsa ta biyun da ke ruɗa ki. Wani lokaci kuma juya zancen ake yi: ciniki ne ya fara buɗewa, shi ya sa telan ya samu kuɗin allo. Ko a tambayi mutanen Unguwar Rimi kaɗai, a yanke hukunci kan Kaduna duka, har da Rigasa.

Wani abin da na daɗe ban gane ba, tambayar kan ce "idan gaskiya ne". Saboda haka kada ki tsaya auna ko amsar za ta yiwu, ɗauke ta a matsayin gaskiya. Ba kuma sai ta rushe hujjar ba, ta sa mata shakka ma ya isa.

Lokaci bai da yawa. A GMAT na yanzu, sashen harshe tambaya 23 ne cikin minti 45, wato ƙasa da minti biyu kowace. Ni nakan karanta tambayar tukuna, in ware hukuncin, in faɗa wa kaina inda raunin yake kafin in dubi zaɓi biyar ɗin. In kika samu tsofaffin tambayoyin LSAT, wato jarrabawar neman shiga makarantun koyon aikin lauya, ki yi atisaye da su, sun fi tsauri a wannan fanni.

Ki ware littafi guda. Duk tambayar da kika faɗi, rubuta hukuncin da Hausa cikin jimla ɗaya, sannan abin da ya ja ki zuwa amsar da ba ita ba. Ki turo mini uku daga ciki mu duba tare.