Kuna Tambaya: Saƙon ɗana ya maƙale a hanya?

Tambaya: Ɗana da ke karatu a Faransa ya aiko mini da tabarau da ƴan tufafi ta gidan waya. Yau mako uku, shiru. Kullum ina zaune a zaure ina jiran mai kawowa. Ya zan yi?
Wani dattijo, unguwar Birni, Damagaram

Amsa: Baba, a daina zaman zauren nan! A ƙasarmu yawancin saƙo akwatin gidan waya yake shiga, shi ya sa ake rubuta lambar akwati a adireshi. Kayan waje kuma sai sun sauka Yamai, jami'an duwan sun duba, kafin su kamo hanyar kilomita kusan 900 zuwa nan.

Ku ce yaron ya turo hoton rasit ta WhatsApp. Akwai lamba mai haruffa da alƙaluma 13, ƙarshenta FR. Da ita ma'aikaciyar gidan waya za ta duba kwamfuta ta gaya muku inda kayan suke. Ku tafi da katin shaida, da ƴan jikkuna a aljihu ko duwan za su nemi haraji. Ni da safe nake zuwa, kafin rana ta take.