Ina zaune a Virginia, jirgin ruwana yana Maryland: ina zan yi rajista?

Ɗan'uwa, ka ce gidanka a Virginia yake amma jirgin kamun kifinka yana ɗaure a Maryland, kana son sanin inda za ka yi rajista da wanda zai karɓi haraji.

A Amurka adireshin gidanka ba shi ake bi ba. Ana duba jihar da jirgin ya fi daɗewa a ruwanta cikin shekara. Tunda a Maryland yake kwana, can za ka yi rajista, kana sabuntawa duk shekara 2. Za su caje ka harajin kashi 5 cikin 100 na kuɗin jirgin, sau ɗaya. In ka riga ka biya harajin saye a wata jihar, kai musu rasit, galibi ana rage maka abin da ka biya.

Inda mutane ke shan mamaki shi ne harajin kadara. Maryland ba ta karɓarsa duk shekara a kan jirgin shaƙatawa. A Virginia kuwa ƙananan hukumomi ne ke ɗora shi, kowacce da farashinta, ana la'akari da inda jirgin ya saba zama. Birnin Virginia Beach ya mai da nasa kusan babu, wasu gundumomin kuma suna tatsa sosai. Rajistar Virginia shekara 3 take yi, amma wannan sauƙin bai kai harajin shekara-shekara nauyi ba, a ganina.

Idan wata rana ka dawo da jirgin Virginia dindindin, kar ka wuce kwana 90 ba ka sauya rajista ba. Ka kuma ajiye takardun biyan kuɗin wurin ɗaure jirgin, su ne hujjarka in gundumarka ta turo maka takardar haraji.