Tambaya da Amsa: Faɗaɗa Fankshin Daga Rufaffen Tari

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin lissafi ne a jami'a. An koya mana cewa fankshin (ƙa'idar da ke ba kowane ɗigo adadi) marar yankewa da ke kan rufaffen tarin ɗigogi (tarin da ya haɗa da duk ɗigogin iyakarsa) ana iya faɗaɗa shi ya game dukkan sararin Yuklid (layi, fili, ko sarari mai ƙarin fuskoki) ba tare da ya yanke ba. Shin ana iya faɗaɗa shi har ya zama sumul, wato ya samu gangara a kowane ɗigo?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da aka koya muku daidai ne, sakamakon Heinrich Tietze ne na 1915, kuma rufewar tarin sharaɗi ne na dole, domin 1/x ba shi da yankewa tsakanin 0 da 1, amma babu adadin da za a ba shi a kan 0 ya dace.

Sumul kuwa ba ya samuwa a sauƙaƙe. Ɗauki tarin da ya ƙunshi 0 da 1 da 1/2 da 1/3 da sauransu ba iyaka, ka ba 0 adadin 0, ka ba 1/n adadin 1/n idan n cika ce, ka ba shi -1/n idan n mara ce. Fankshin ɗin bai yanke ba, sai dai gangararsa zuwa 0 tana kai da komo tsakanin 1 da -1, don haka duk yadda ka cike giɓin da ke tsakanin ɗigogin, ba za a samu gangara a kan 0 ba.

Ba'amurke Hassler Whitney ne ya warware matsalar a 1934. Ya nuna cewa idan an ba ka adadin fankshin a kowane ɗigo na tarin tare da gangarorin da ake so ya samu, kuma waɗannan bayanai sun jitu da juna yadda ƙa'idar Taylor (hanyar kimanta fankshin a kusa da ɗigo daga adadinsa da gangarorinsa) ta tanada a duk lokacin da ɗigogi biyu suka kusanci juna, to faɗaɗawar tana yiwuwa. Hanyar da ya bi ita ce ta fi burge ni, kuma ina ba ka shawarar ka zana ta da hannunka. Ya yanka filin da ke wajen tarin zuwa akwatuna, girman kowanne gwargwadon nisansa da tarin, suna ƙanƙancewa yayin da suke matsowa. A kowane akwati ya ari folinomiyal ɗin Taylor (sauƙaƙan fankshin da ƙa'idar ke bayarwa) na ɗigon tarin mafi kusa, sannan ya ɗinke su da wasu fankshin sumul waɗanda jimlarsu 1 ce a ko'ina a wajen tarin, ta yadda ba a ganin maɗinki.

Idan kuwa adadin kawai aka ba ka babu gangarori, kamar a misalinmu, tambayar ta fi wuya ƙwarai. Whitney ya amsa ta a kan layi ɗaya a shekarar 1934 ɗin, amma cikakkiyar amsa ga sarari mai kowane yawan fuskoki sai a 2006 Charles Fefferman ya wallafa ta.